SA ƊAYA, YARA BIYU

Tsofaffin Maijirgi ba su manta ba. A zamanin Nasara, idan aka ce dogarin sarki ya iso neman yaran lakwal, sai gari ya rikice. Wata uwa ta tura ɗanta cikin rumbu. Wani ya kora nasa daji wajen awaki, ya ce kada ya komo sai dare. Wani ya ba da tunkiya don a tsallake gidansa. Mutane suna da dalilinsu. A shekara ta 1899 sojan Faransa biyu, Vule da Shanwan, suka ratso ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa, suna kashe mutane. A wannan yanki tafiyarsu ta ƙare. Sojojinsu ne suka harbe su, aka rufe su a Maijirgi. Wanda ya ga haka ba ya saurin miƙa ɗansa ga baƙo.

Yau abin ya juya. Ba a ɓoye yaro a rumbu. Rumbun ake buɗewa, a sayar da hatsi, don yaro ya samu wurin zama a makaranta. Kuma wurin ba ya isa.

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Maijirgi. Ya haura shekara 50. Bai yi lakwal ba. Da girmansa ya koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, yana iya rubuta sunansa da lissafin dammansa. Yana noma hatsi da wake da ɗan gujiya. Yana da sa ɗaya da amalanke. Da rani yana kai taki gona, yana ɗaukar wa mutane kaya zuwa kasuwar Tasawa. Kuɗin cefane daga wuyan san nan suke fitowa.

Yara biyu ya riƙe a lakwal. Ɗaya ɗansa ne. Ɗaya ɗan wansa ne da ya rasu, ya ɗauko shi tun yana shekara 5. Tabarma ɗaya suka kwana, ƙwarya ɗaya suka sha fura. Suka yi shekara 6 a lakwal ta ƙauye. Suka yi 4 a kwaleji, suka samu birebe. Suka yi 3 a lise ta Tasawa, suna zaune gidan wani abokin maigida, ana aika masu da hatsi kowane wata. Shekara 13 ke nan. Sannan suka zauna babbar jarrabawar da ake kira bak.

Bak ba wasa ba ce. A shekara ta 2023, cikin yara 4 da suka zauna ta a ƙasar nan, kimanin 1 ne ya samu. To, gidan nan yara biyu suka zauna, biyu suka samu. Mata suka yi guɗa. Maigida ya yanka bunsuru. Ya ɗauka wahala ta ƙare.

Sai bayan kwana uku ya gane akwai samu, akwai samu.

Ga yadda abin yake, ƴan'uwa, don wanda ɗansa ke tafe. Ana auna bak da maki 20. Mai 10 ya wuce. Mai 12 ya wuce da yabo. Mai 14 yabonsa ya fi, mai 16 ya kai ƙoli. Wanda ya kusa 10 bai kai ba, ana ba shi zagaye na biyu ya gyara. Ɗan marigayi ya samu 13 tun zagayen farko. Ɗan maigida sai a zagaye na biyu ya kama 10. A ƙauye duk ɗaya ne, an ce sun ci. A ƙofar jami'a ba ɗaya ba ne. Kamar kasuwar dabbobi ce. Rago rago ne, amma dillali sai ya taɓa gadon baya.

Dukansu biyu likita suke so su zama. Haka rabin ajinsu. Ba laifinsu ba ne. Yaron ƙauye ya ga mace ta mutu kan amalanke ana hanyar asibiti. Ya ga kuma likita ba ya yawo neman aiki. Amma sashen koyon likita ba ya ɗaukar kowa. Sai mai bak ta lissafi da kimiyya, wadda ake kira C ko D. Cikin su ma sai an jera takardu, an duba maki, an ɗauki na sama gwargwadon wurin da ke akwai. Sauran a ce su nemi wani sashe.

Maigida ya tafi wajen wani tsohon mushe da ya yi ritaya a Maijirgi. Ya gaishe shi, ya zauna ƙasa, ya ce: "Mushe, ku da kuka san hanya, ku gaya mini. A zamaninku ba mu ji ana wannan tsere ba."

Mushe ya yi dariya. Ya ce: "Malam, tsere ya daɗe. Masu gudun ne suka ƙaru."

Gaskiya ya faɗa. A zamanin Nasara babbar makarantar duk yammacin Afirka ta Faransa tana Senegal, sunanta Wiliyam Ponti. Da jarrabawar tsere ake shigarta. Daga Nijar ƴan kaɗan ke tafiya. Bubu Hama ya yi ta. Jori Hamani da Jibo Bakari sun yi ta. Akwai kuma wani yaro da aka haifa a nan Tasawa a shekara ta 1929, Abdu Mumuni. Ya yi karatu a Damagaram, ya yi a Yamai, ya shiga Wiliyam Ponti, ya wuce Faransa. Ya zama babban masanin kimiyya, ya yi aikinsa kan amfani da zafin rana. Ya shugabanci jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Duk ɗan ƙasar Tasawa da ya shiga ƙofar nan, sunan ɗan garinsu yake karantawa a sama.

Lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, cikin yara 100 ba su kai 5 ba masu zuwa lakwal. Jami'a babu ko ɗaya. Mai bak sai ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar babban karatu a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. A lokacin gwamnati ke neman masu ilimi. Yaro yana karatu ana biyansa, yana gamawa aiki na jiransa. Haka aka tafi har wajen ƙarshen shekarun 1980, kuɗin gwamnati suka yi ƙaranci, aka daina ɗaukar kowa da kowa.

Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya. Ta 2012 ta samu miliyan 17 da ɗoriya, jihar Maraɗi kaɗai ta haura miliyan 3. Kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. An gina lakwal a ƙauyuka, an gina kwaleji a garuruwan da babu da. Duk ruwan nan yana gangarowa wuri ɗaya. Jami'ar Yamai ta cika ta batse. Don haka a 2010 aka kafa jami'a a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tillaberi. An ƙara rijiyoyi, amma garken ya fi su saurin girma.

Ba Nijar kaɗai ba. A Najeriya akwai jarrabawar shiga jami'a da ake kira JAMB, tun 1978. A 2024 yara kusan miliyan 2 suka zauna ta. A ƙasar Sin, a wannan shekarar, sun haura miliyan 13.

Mushe ya ɗauki tsinke, ya zana wa maigida hanyoyin a ƙasa.

Ga Yamai, wajen kilomita 800. Ita ce uwa, can manyan malamai suka fi yawa, can kowane sashe yake. Can kuma makarantun da ake shiga da kwankur suke, wato jarrabawar tsere: EMIG ta ma'adinai da injiniyoyi, da makarantar ma'aikatan mulki, da ta ma'aikatan lafiya. Kusa da ita, a Kollo, akwai ta malaman gona da na dabbobi. Amma Yamai tana da tsada. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya isa. Yaron da ba shi da kowa a can yana iya kwana a baranda.

Ga Maraɗi, jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Akwai kimiyya, akwai noma da muhalli, akwai likita, akwai sashen sana'ar hannu da injuna. Ga Damagaram, jami'ar Andre Salifu, ita ma tana da likita, tana da adabi da tarihi da koyon koyarwa. Ga Tawa, jami'ar Jibo Hamani, ta shari'a da tattalin arziki. Mai Larabci yana da jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta fara aiki a 1986. Mutumin Maijirgi ya yi sa'a a nan. Yana bakin kwalta, Maraɗi na yamma, Damagaram na gabas, ko wacce mota za ta kai shi ya komo a yini ɗaya. Ana iya ɗora wa direba buhun hatsi ya sauke wa yaro.

Ga kuma ƙetare. Akwai guraben karatu da ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko ke bayarwa, amma na masu babban maki ne. Faransa kuwa, a 2023 ta tsayar da ba ɗaliban Nijar biza, a farkon 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Katsina da Kano da Zariya suna kusa, sai dai karatunsu da Ingilishi ne, yaron nan kuwa da Faransanci ya tashi. A watan Agusta na 2023 iyaka ta rufe, ba ta buɗe ba sai watan Maris na 2024. Masu yara a can sun ji jiki. Abin mamaki, yayin da wasu ke hangen Najeriya, ƴan Najeriya na ƙetarowa Maraɗi. Tun 2013 akwai jami'ar kuɗi mai sunan Maryam Abaca a can, wadda ke koyarwa da Ingilishi. Kowa na ganin ciyawar hayin wani ta fi tsawo.

Mushe ya share zanen da tafin hannu. Ya ce: "Saura hanya ɗaya, ita ce ta kuɗi. Makarantun kuɗi sun cika birane. Ba sa tambayar maki sosai, aljihu suke tambaya. Cikin su akwai na kirki. Akwai kuma waɗanda allo ne kawai a bakin ƙofa. Kafin ka ba da dala ɗaya, ka tambaya ko gwamnati ta yarda da takardar da suke bayarwa. Ka nemi wanda ya gama can, ka ga abin da yake yi yau."

A nan maganar sa ta taso.

Uwar yaron ce ta fara. Da dare, bayan an ci tuwo, ta ce: "Maigida, wancan makinsa zai kai shi. Naka ne ba shi da mai kai shi. A sayar da san nan, a sa shi makarantar lafiya ta kuɗi. Ko malamin asibiti ya zama, ya fi zaman banza."

Ba muguwar mace ba ce. Ita ta yi wa marayan wanka, ita ta yi jinyarsa lokacin ƙyanda. Shekara 7 tana aika dakakken hatsi Tasawa, ba ta taɓa raba na wannan da na wancan ba. Amma uwa uwa ce. Kuma lissafinta ba shirme ba ne. Wanda ya fi rauni shi ake tallafa.

Maigida bai amsa ba. Yana da nasa lissafin. San nan ɗan saniyar marigayi ne. Lokacin rabon gado ba a yi maganarsa ba, don yana maraƙi, kuma shi ya yi ta kiwonsa. A shari'a ana iya cewa nasa ne, ana iya cewa na maraya ne. A bakin mutanen gari kuwa ba a buƙatar alƙali. Idan ya sayar ya kashe wa ɗansa, za a ce ya ci dukiyar maraya. Idan ya kashe wa maraya, za a ce ya bar nasa a rana don neman suna. Ya kwana uku yana juyi.

Ya sake koma wa mushe. Mushe bai yanke masa hukunci ba. Abu ɗaya ya gyara masa. Ya ce: "Kana zaton mai maki 13 ba ya cin kuɗi? Karatun likita shekara 7 ne ko fiye. Kuɗin tallafin gwamnati, wato burs, ba kowa ke samu ba. Ana duba maki, ana duba shekaru. Wanda ya samu ma, wani lokaci sai ya yi watanni yana jira. Ga yajin aiki, yau malamai, gobe ɗalibai, karatun shekara 3 ya koma 4. Duk wannan lokaci yaro yana ci, yana biyan ɗaki, yana sayen takardu."

Sannan ya lissafa masa abin da za a haɗa. Takardar haihuwa. Takardar zama ɗan ƙasa. Shaidar bak da takardar maki. Hotuna. Kowace a yi mata kwafi, a kai a buga hatimi. Nan aka gano marayan ba shi da takardar haihuwa ta asali, sai ta kotu da aka yi masa lokacin shiga lakwal, kuma an rubuta sunan ubansa da kuskuren harafi ɗaya. Harafin nan ya ci tafiya uku zuwa Tasawa a tsakiyar noman biyu. Mai jariri a gida, ya je ya yi masa takarda tun yanzu, ya sa a karanta masa abin da aka rubuta.

Mushe ya ce kada su tsaya ƙofa ɗaya. Maraya ya ajiye takardunsa na likita a Maraɗi da Damagaram. Ɗan maigida ya ce shi Yamai yake so. Abokansa can za su. Ya ce: "Baba, ku bar ni in gwada kwankur. In na faɗi, na ji." Aka sayar da akuya biyu aka yi masa kuɗin mota. Ya tarar da ɗaki cike da yara, da yawa ƴan birni ne da aka yi wa darasi na musamman a gida, wasu karo na biyu ko na uku ke nan suna gwadawa. Yaron da ya yi karatun dare da fitilar hannu ya zauna tare da su, aka ba su tambaya ɗaya. Ana cewa kwankur ba ta san ɗan kowa ba. Haka ne a cikin ɗakin. Amma kafin a shiga ɗakin an riga an yi nisa da rabo.

Bai samu ba. Ya komo ya yi kwana biyu bai fita ba.

Bayan girbi sunaye suka fito. Maraɗi ba ta ɗauki maraya ba. Damagaram ta ɗauke shi, sunansa na can kusa da ƙarshen jeri. Da maki rabi ya ragu, da ya tsaya waje. Ɗan maigida kuma aka ba shi wuri a sashen noma na Maraɗi, inda mushe ya matsa masa ya ajiye takarda tun farko, yana ƙunƙuni.

Ƴan majalisar bakin masallaci suka samu abin taɗi. Wani ya ce: "Shekara 13 a lakwal, a ƙarshe noma? Ai da ya tsaya nan mun koya masa kyauta." Aka yi dariya. Dariyar banza ce. Mai maganar nan, murzuna ta ci masa rabin zangarniya a daminar da ta wuce. Masu binciken gona na INRAN da na jami'ar Maraɗi ne suka yi aiki kan wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro da ake saki a gonaki yana kashe tsutsar. Buhun nan mai ruɓi uku da yake ajiye wake ba magani, a Maraɗi aka yi ta gwada shi kafin ya iso kasuwa. Manomi ya raina karatun noma, to wa zai girmama shi? Sai dai a faɗi ɗayan gefen. Ba duk mai takardar noma ke samun aikin albashi ba. Akwai waɗanda suka gama suna zaune, akwai waɗanda suka koma koyarwa da kwantaragi. Yaron ya san haka, uwarsa ma ta sani.

Maigida ya kira su biyun bayan sallar isha'i. Ya kira matarsa, ya kira ƙanen marigayi na wajen uwa don ya zama shaida. Ya ce za a sayar da sa, amma ba don makarantar kuɗi ba. Za a raba kuɗin kashi uku. Kashi ɗaya na mai tafiya Maraɗi. Kashi biyu na mai tafiya Damagaram, don hanyarsa ta fi tsawo, kuma saniyar ta ubansa ce. Kuɗin za su zauna hannun mushe, ana aikawa wata-wata.

Marayan ya sunkuyar da kai. Ya ce: "Baba, ku raba daidai." Maigida ya ce ya riga ya gama magana. Ɗansa bai ce komai ba. Uwar ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe ta je wajen asusun mata na unguwarsu, na Mata Masu Dubara, ta ɗauki bashi da sunan sana'ar ƙuli-ƙuli. Rabin kuɗin ta saya wa ɗanta katifa da akwati. Maigida ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Ran kasuwa ya ja san da kansa zuwa Tasawa. Dillalai sun san lokacin komawa makaranta ne, sun san masu sayarwa sun fi masu saye. Bai samu abin da ya sa rai ba. Ya sallama da la'asar, ya komo da igiya a hannu.

Yaran sun tafi rana ɗaya, daga tasha ɗaya. Ɗaya ya hau motar gabas, ɗaya ta yamma. Kowa da tiya 10 ta hatsi da ƙullin kuka da daddawa.

Amalanken yana jingine bayan rumbu, an cire masa tayoyi an rataye don kada rana ta ci su. Ranin nan maigida da jakin maƙwabci yake kai taki gona, mangala biyu da safe, mangala biyu da marece. Gonar nesa bai kai mata ba. Na Maraɗi ya bugo waya ya ce in an yi hutu zai zo da wani irin wake mai saurin nuna, a ba shi kadada rabi ya gwada. Uban ya ce kwata zai ba shi, ta wajen gawon nan inda ƙasa ta fi ƙarfi.